Me Za Mu Karanta A Daren Hunturu?

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunchi, dare yakan zo da wuri ko da agogo bai yarda ba. Hazo ya rufe rana tun la'asar, an kai amfanin gona rumbu, masu cin rani sun tafi, waɗanda suka rage kuma in ba masu lambu a bakin dam ɗin Thomas ba, ba su da aikin da zai hana su hira. Da an sallame Isha sai a ja bargo. A irin wannan lokaci ne 'yan'uwa suke tambayarmu littafin da za mu tura musu a waya, kuma amsar da muke bayarwa takan ba wasu haushi: Magana Jari Ce.

Sukan ce ai wannan littafin makaranta ne. Gaskiya ne, kuma makarantar ce ta ɓata shi, don an mai da shi abin haddar jarrabawa. Amma a duba yadda Abubakar Imam ya gina shi a ƙarshen shekarun 1930. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya bi shi, waziri yana ƙulla makirci a waje, aku kuwa ba shi da makami sai baki. Kullum dare sai ya jawo labari ya riƙe yaron har gari ya waye. Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan aiki sarai, domin rabin abin da ake biyan mutane a sana'armu shi ne gano yadda za a hana mai waya ajiye ta. Aku ya riga mu. Sai dai shi duk labarin da ya ɗauko yana kai shi ƙarshe, ya bar ka da abin da za ka juya a rai, sannan gobe ya kawo wani. Imam ya ɗebo labaran daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare, amma ya sa musu riga da wando na gida, har mai saurare ba ya tambayar asalinsu. Kuma an rubuta jimlolin ne don kunne. A gwada karanta shi a bayyane a zaure, za a ga tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana dariya a daidai inda ya kamata.

Nan ne muke da ƙorafi a kan da yawa daga littattafan da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad. Ba mu raina su ba. Su suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa, musamman mata, bayan kasuwar littattafan takarda ta ja baya, kuma a cikinsu akwai masu alƙalami na gaske. Matsalar tana cikin tsarin biyan kuɗin. Idan marubuciya tana samu ne gwargwadon tsawon labari, to ƙarshe ya zama asara a wurinta. Sai a yi ta jan zare: a yi saki, a yi kome, wani ya faɗi a kai shi asibiti a Dubai. Wanda ya kai wayarsa shagon caji a Kunchi ya biya kuɗi, ya sayi data, ya cancanci labarin da ya san inda ya dosa. Kuma a lura da inda ƙauye yake a waɗannan labarai. Wuri ne da ake ɗauko yarinya a kai ta gidan mai kuɗi a birni ta yi aikatau, daga nan ba a sake waiwayarsa.

Wannan raini ya girmi waya. Ko Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970 don ya ja kunnen samari masu gudu birni, ya fi ba da ƙarfi ga abin da birni ke yi wa mutum fiye da abin da ke cikin ƙauyen da aka baro. Duk da haka muna ba da shawarar a karanta shi a wannan lokaci na shekara, don kusan kowane gida a nan yana da wanda ya tafi Kano ko Legas da alkawarin dawowa kafin ruwan shuka. Abin da muke jira har yanzu shi ne labarin da zai zauna a waɗannan gonaki da ke manne da juna, inda ake noma fili ɗaya kowace shekara da takin da jaki ya kawo, inda rabon gado ke tsaga gona har ta koma kamar tabarma, inda gawo ɗaya kan haɗa 'yan'uwa faɗa. Yankin ba ya rasa marubuta: Magaji Dambatta ne ya rubuta Amadi Na Malam Amah, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 tare da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid.

Ga masu hira a cikin gida, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi ce da 'ya'ya tara, miji ya kore ta saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe gidan. Ƙarshensa ya ɗan yi sauri wajen hukunta mai laifi, kamar marubuciyar tana gudun kada a ce ta bar shi ya sha, amma lissafin kuɗin cefane da ke cikinsa ba mu ga wanda ya yi shi da gaskiya haka ba. A 2012 an buga fassararsa ta Turanci a Indiya, alhali wasu a nan ba su taɓa buɗe shi ba.

Sai abin sha, wanda a kansa ma ba ma sassauci. Magana Jari Ce na kunun tsamiya ne, na gero sabon girbi, mai zafi da ɗan yaji, a kwano ɗaya da ludayi yana zagayawa kamar yadda labarin ke zagayawa. Kunun gyaɗa yana da nauyi, yana kawo barci kafin a gama babi, don haka a bar wa yara da masu Ruwan Bagaja, inda ko ka yi gyangyaɗi ka farka za ka tarar Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna nan suna cutar juna. Littafin Balaraba kuwa sai shayi baƙi, a dafa shi da citta da kanumfari da masoro, a rage sukari, domin za a yi gardama bayan an rufe shi, kuma in akwai kishiyoyi a ɗakin za ta kai tsakar dare.