Yawon Daji Jiya Da Yau

A wurin mutanen dauri daji ba wurin hutawa ba ne. Wanda ya saurari tatsuniyoyin da tsofaffi ke yi wa yara da dare zai ga ba a ambaton daji sai tare da kura, ko dodo, ko aljannu, ko 'yan fashi. Mata su kan shiga bakinsa su yi itace, su tsinci kaɗanya da ɗorawa, yara su ɗebi kanya da taura da magarya, amma duk su kan yi ƙoƙari su komo gida kafin rana ta faɗi. Da za a ce da mutumin wancan zamani wata rana jikokinsa za su biya kuɗi don a shigar da su daji su yi kallo, da sai ya ce an taɓu.

Duk da haka suna da nasu wasan daji, watau farauta. In an gama girbi, rani ya shiga, sai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ya sa rana, a buga gangar farauta, samarin garuruwa da yawa su fito da karnuka da gora da kere da barandami. Naman da a kan samu sau da yawa bai kai wahalar da aka sha ba, gama mutum ashirin na iya yini a kan zomo ɗaya. Abin da ke kai su shi ne nishaɗi, da gwada jaruntaka, da kirari a gaban tsara. A cikin wannan wasa ne yaro ke koyon daji. Ya kan san sawun gada daban da na barewa, ya san inda makwarwa ke kwana, da itacen da ke maganin sara, da rafin da ba ya ƙafewa.

Amma fa ba daidai ba ne a yabi farauta a ɓoye aibinta. Mafarauta su kan sa wa daji wuta don su kori nama, wutar ta cinye ciyawa da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Ba su barin mai ciki, ba su barin ɗan da ke shan nono. Sau da yawa kuma a kan tashi da faɗa tsakanin 'yan taurin wannan gari da na wancan a kan zomon da bai kai a zub da jini dominsa ba. Da mutane suka yawaita, bindiga ta samu, sai naman daji ya yi ta ƙarewa.

Ganin haka ne ya sa hukuma ta shiga keɓe gandun daji. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari ya zama gandun dajin En'e. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauchi don kiyaye namun daji, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Daga nan ne aka sami sabon salon yawon daji, wanda mutum zai shiga mota, ba kare, ba gora, a zaga da shi ya ga dabba da ranta, ya bar ta da ranta.

Alherin wannan sabon salo a fili yake. Giwa da ɓauna da gwanki da dorina, waɗanda yawancin yaran birni ba su san su ba sai a littafi, ga su nan suna shan ruwa a kogin Gaji da rani. Garken giwayen Yankari yana cikin manya ƙalilan da suka rage a Nijeriya, da ba a keɓe wurin ba kuwa da wuya a ce da saura. Har wa yau farauta ta maza ce kaɗai, amma kallo ya buɗe wa mata da tsofaffi da 'yan makaranta ƙofa. Wannan ci gaba ne, ba mai musu.

To, amma akwai abin zargi. Na farko, da yawa daga masu zuwa ba dajin suka zo gani ba. Sun yi tafiyar da ta wuce kilomita 100 daga Bauchi, amma da isarsu sai su zarce ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina, su yini suna wanka, suna kiɗa, suna ɗaukar hoto da waya don su sa a Facebook. In sun shiga motar zagaye ba su ga giwa ba, sai su ce an cuce su, alhali kuwa sun wuce itatuwa da tsuntsaye iri iri ba su tambayi sunan ko ɗaya ba. Tsofaffin rijiyoyin Dukkey, da kogunan dutse da mutanen dauri suka sassaƙa, da kufan maƙeran da suka narka tama, kaɗan ne ke kula da su. Gwaggon birin da ke yawo a masauƙi ma ya koyi fizgen abinci ne daga hannun baƙi masu jefa masa. Mafarauci ya san daji amma ya ɓata shi, mai kallo kuwa bai kashe kome ba, amma ya fita da jahilcin da ya shiga da shi.

Na biyu, an buɗe wa baƙo ƙofa, an rufe wa maƙwabci. Manomin da ke gefen gandu shi ne giwa ke tattake wa dawa a dare ɗaya, shi ne kuma in an gan shi a ciki da gatari za a kama. Maharbin da ya gaji sanin dajin daga kakanninsa ya koma ɓarawon nama a idon doka. Ba a ce a bar kowa ya shiga ya yi ɓarna ba, amma mutumin da bai ga amfanin abu ba, sai wahalarsa, ba zai tsare shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka gyara aikin masu gadi a Yankari daga 2014, aka kuma jawo mutanen ƙauyuka cikin sha'anin tsaron giwa, kisanta ya ragu ƙwarai, wannan kuwa ya isa shaida.

Na uku shi ya fi nauyi. An keɓe dazuzzuka da yawa, an fitar da masu shigarsu na dā, amma ba a yi hanya ko masauƙi ko isassun ma'aikata da za su kawo masu kallo a madadinsu ba. Daji kuwa ba ya zama ba mai shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sambisa ta ƙasar Borno, wadda aka keɓe don namun daji, duniya ba ta san sunanta ba sai a 2014, lokacin da aka sace 'yan matan Chibok. Kamuku, wanda aka ɗaukaka ya zama gandun ƙasa a 1999, da dajin Rugu na ƙasar Katsina, sun yi suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Gaskiya ne wannan masifa tana da dalilai da yawa, amma dajin da ƙafar mutanen kirki ta ɗauke daga cikinsa ya fi sauƙin zama maɓoya. Ga shi daji ya koma yadda tatsuniya ta siffanta shi, sai dai dodon yanzu yana riƙe da bindiga.

Saboda haka gyaran ba komawa ga ƙunar daji ba ne, ba kuma tsayawa ga wanka da hoto ba. Abin da ya kamata shi ne a haɗa sanin mutanen jiya da tausayin na yau. A ɗauki 'ya'yan maharba su zama 'yan jagora da masu gadi, a biya su a kan kari. A ware wa ƙauyukan da ke kewaye wani kaso na kuɗin ƙofa, su gani a rijiya da makaranta. Malamin da ya kai yara kada ya komo da su sai kowa ya iya sunan itace goma da sawun dabba biyar, gama yaron da ya san kirya da marke da sunansu ba zai so a mai da su gawayi ba. Allah ya kawo zaman lafiya a dazuzzukan ƙasar nan, ya sa na baya su tarar da abin kallo, amin.