Jinjina ga Matan Babban Gida a Karaye da Rogo

Idan ana zancen Sallah a masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, hawan sarki da adon dawakai ake fara ambata. Ni kuwa matan babban gida nake yi wa jinjina, irin gidan nan mai sassa barkatai amma zaure ɗaya.

Tun jajibere aikinsu ke kankama: surfen masara, kai niƙa, kitso da lallen 'yan mata har dare ya raba. Kafin asuba an ɗora tukwane, ga miyar taushe, wani gidan har da kifin madatsar Challawa. Uwargida ba ta cika taɓa muciya ba, amma ita ke riƙe da lissafi a ka: kwanon surukai, na liman, na maƙwabciya mai takaba, na almajiran da ba su je gida ba. A manta kwano ɗaya, sai a shekara ana maganar. Ranar nan babu "yau girkin wance ne". Kishiyoyi da faccaloli murhu ɗaya suke kewayewa, ko da jiya an yi 'yar tsama.

Babbar Sallah ta fi wuya. Maza su yanka, su feɗe, su koma inuwa. Wankin kayan ciki da suya kuwa, sai a kwana biyu ana fama da hayaƙi.

Maigida, bana kafin ka tafi Idi, ka tabbatar itace da ruwa sun wadata, ɗinkinsu kuma ya baro wurin tela.