Fasahar Jira a Finafinan Yaƙin Sojan Birtaniya

Duk lokacin da aka saki tallar sabon fim ɗin yaƙi game da sojojin Birtaniya, 'yan kallo sukan rabu gida biyu. Akwai masu ɗoki, suna ƙirga kwanaki, suna maimaita kallon tallar har su haddace ta. Akwai kuma masu taɓe baki, suna cewa farfaganda ce aka sake dawowa da ita, Turawa za su ƙara wanke kansu su fito a matsayin jarumai. Sukar nan tana da tushe, musamman a wajenmu, domin tutar da sojan fim ɗin ke ɗauke da ita ita ce ta shiga Kano da Sakkwato a 1903, ta kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Duk da haka ina ganin masu ɗokin sun fi masu sukar gane wannan nau'in fim. Masu suka sun tsaya a kan tutar, ba su duba yadda ake gina labarin ba, kuma a ginin ne finafinan yaƙin Ingila suka bambanta da na kowa.

Tarihin a taƙaice yake. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka nuna The Battle of the Somme, hotunan da aka ɗauko daga fagen daga, aka sayar da tikiti kusan miliyan 20 cikin makonni shida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi finafinan ƙarfafa gwiwa irin In Which We Serve na 1942. Bayan yaƙin, a shekarun 1950, nau'in ya kai ƙarfinsa da The Cruel Sea a 1953, The Dam Busters a 1955, da Ice Cold in Alex a 1958. Zulu na 1964 shi ne wanda masu suka ke yawan kafa hujja da shi, kuma ba zan kare shi ba: duk da girmamawar da ya nuna wa mayaƙan Zulu, bai taɓa tambayar abin da ya kai sojan Ingila ƙasarsu a 1879 ba. Sai dai Zulu reshe ɗaya ne. Babban gangar jikin nau'in ya fi karkata ga janyewa, da makalewa, da mutanen da ba su da abin yi sai zaman jiran abin da zai same su.

Wannan jiran shi ne fasahar da nake so a duba da kyau, kuma babu inda ta fito fili kamar a Dunkirk na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2017. Tun gajeriyar tallarsa ta farko a 2016 ta nuna inda aka dosa. Sojoji ne cunkushe a kan wata doguwar gadar bakin teku, ba harbi, ba magana. Sai ɗaya ya ɗaga kai, wasu suka bi shi, ƙarar jirgin sama tana ƙaruwa, sai duka suka durƙusa. Ba a nuna faɗuwar bam ba. Da wannan aka fara sa mutane jiran fim ɗin kusan shekara guda, kuma abin da ya kama su tsoron da ke fuskokin ne, domin babu wata bajinta da aka nuna musu.

Fim ɗin kansa ya cika wannan alkawari. Labarin kwashe sojoji kusan 338,000 ne daga gaɓar tekun Faransa tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni 1940, wato labarin rundunar da aka ci da yaƙi tana neman hanyar komawa gida. Nolan ya ɓoye maƙiyi kusan gaba ɗaya. A farkon fim ɗin sojoji kaɗan suna tafiya a titin da babu kowa, takardun gargaɗi suna saukowa daga sama, sai harsasai suka fara zuwa daga inda ba a gani, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya har saura mutum guda. Ba a ga mai harbin ba, kuma ba za a ga sojan Jamus ba sai a ƙarshe, a dusashe, lokacin da suka kama wani matuƙin jirgin saman Birtaniya. Wurin da ya fi ƙarfi shi ne cikin wani jirgin kamun kifi da ya kafe a yashi, inda sojoji suka ɓuya suna jiran ruwa ya taso ya ɗaga shi. Rami ya buɗe a jikin ƙarfen, haske ya shigo, sai wani ramin, sai wani. Ba su san ko an gano su ba ne ko gwajin saiti kawai ake yi, mai kallo ma bai sani ba. Kafin ruwan ya gama tasowa sun fara zargin junansu, suna neman wanda za su tura waje. Jiran da kansa ne ya fito da halin kowa, ba tare da wani ya buɗe baki ya bayyana kansa ba.

Haka ma tsarin lokacin. An saƙa labari uku: mako guda a bakin teku, yini guda a kan ruwa, sa'a guda a sama. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin burgar mai shirya fim, amma aikinsa shi ne hana mai kallo hutawa, domin da zarar an tsira a wani zaren, sai a koma wani inda hatsarin bai iso ba tukuna. Ƙarƙashin duka akwai bugun agogo a kiɗan Hans Zimmer, da wani sauti da kunne ke ji kamar kullum hawa yake ba ya kai ƙarshe. Lambobin Oscar uku da fim ɗin ya samu na haɗa hoto ne da na sauti, wato daidai sassan da ke sarrafa jira.

Kajaki na Paul Katis, 2014, ya fi Dunkirk tsantseni, kuma a ganina ya fi shi gaskiya, ko da yake bai samu rabin shahararsa ba. Labarin abin da ya faru ne a ranar 6 ga Satumba 2006 kusa da madatsar ruwa ta Kajaki a lardin Helmand na Afganistan. Sojojin laima na Birtaniya suka sauka cikin wani busasshen kwari, ɗaya ya taka nakiya daga cikin waɗanda aka binne tun zamanin yaƙin Tarayyar Sobiyet. Masu zuwa ceto su ma suka makale. Daga nan har ƙarshe babu musayar wuta, kusan babu kiɗa, sai rana, da ƙura, da mutane kwance cikin jini suna jiran jirgi mai saukar ungulu. Ma'aikacin jinyarsu yana jefa jakarsa gaba, in ba ta tayar da komai ba sai ya yi tsalle ya dira a kanta, ya sake jefawa. Tazarar 'yan taku ce, amma kyamara ta ƙi gajarta ta. Kofur Mark Wright ya rasu a wannan rana, aka ba shi lambar George Cross bayan mutuwarsa. Wanda ya kalli wannan fim ya ce talla ce ta shiga soja, to bai kalle shi da idon basira ba.

Akwai masu cewa salon Amurka, irin buɗewar Saving Private Ryan, ya fi nuna munin yaƙi domin ba ya ɓoye jini. Ban yarda ba. Ido yana sabawa da jini cikin mintuna, har ya koma abin kallo, alhali zuciya ba ta sabawa da jiran abin da ba ta gani. Fim ɗin 1917 na Sam Mendes ma, duk da gwanintar Roger Deakins wajen sa fim ɗin ya zama kamar ɗauka ɗaya ce, ya yi rauni a nan, domin kyamarar ba ta cika barin sojan ya tsaya ba, mai kallo yana yaba dabarar fiye da yadda yake jin nauyin lokacin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa ɓoye maƙiyi yana cire siyasa daga yaƙi, ya mai da shi kamar ambaliya ko gobara da ba wanda ya jawo. Wannan gaskiya ne a Kajaki, wanda bai tambayi dalilin zuwan Birtaniya Helmand ba. Amma nakiyoyin da wata daula ta bari suna cin sojojin wata daular da ta biyo bayanta hukunci ne a kan mamaya, kuma ya fi huɗuba shiga jiki. Laifin nau'in na gaske yana wajen zaɓen wanda ake nunawa yana jira. An soki Dunkirk da rashin nuna sojojin Indiya masu kula da alfadarai da ke can a 1940, kuma sukar ta yi daidai.

Wannan ne ya kawo ni ƙasar Bama, wato Burma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a can ƙarƙashin tutar Birtaniya, kuma Hausa ce harshen da aka fi amfani da shi tsakanin sojojin Nijeriya da hafsoshinsu. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, abincinta da harsasanta daga sama ake jefo su, sauran kayan kuma a ka ake ɗauka. Bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a wannan shekarar. Sunayen da aka samo daga wannan yaƙi na nan a barikokinmu: Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. Yaƙin daji ne, inda maƙiyi ba ya ganuwa, ana kwana ana sauraron motsin ganye, ana jiran jirgin abinci. Babu fagen da ya fi dacewa da fasahar da Turawan Ingila suka ƙware a kanta. Labarin ma a rubuce yake: Burma Boy na Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya fito a 2007, sannan akwai Isaac Fadoyebo, wanda aka raunata a gaɓar Kaladan, mutanen wani ƙauye suka ɓoye shi wajen watanni tara, Barnaby Phillips ya rubuta tarihinsa a Another Man's War. Mutum kwance da raunin harsashi yana jiran ko a same shi ko ya mutu, wannan ai fim ne da ya riga ya rubuta kansa.

Saboda haka ba na ganin laifin mai ɗokin fim na gaba, in dai ya shiga kallo yana tambayar wa aka bari ya yi jiran, wa kuma aka cire daga hoton. Masu shirya finafinanmu kuwa su lura cewa Kajaki kwari ɗaya ne da mutane kaɗan, bai buƙaci runduna ko jiragen ruwa ba. Kada su jira Landan ta tuna da 'yan Bama, su ɗauki labarin su yi da kansu.