Mawaƙan Zamani da Yayin Sutura: Tarken Tasirinsu a Banyo da Garwa, Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Wannan karin magana ya haɗa abubuwa biyu da manazarta adabi suka saba rabawa, wato sauyin lokaci da abin da mutum yake sawa a jikinsa. An daɗe ana nazarin waƙar baka ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari, amma ba a cika kula da suturar mawaƙi ba. Wannan ya yi daidai a lokacin da kunne kaɗai ke karɓar waƙa ta rediyo da kaset. Tun da faifan bidiyo da wayar salula suka shigo, ido ma ya samu rabonsa, tufafin mawaƙi suka zama wani ɓangare na saƙon da yake isarwa.

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan wani ra'ayi da ya yaɗu, cewa mawaƙan zamani su ne suke juya akalar suturar matasa yadda suka ga dama. An zaɓi Banyo da Garwa a arewacin Kamaru domin wuri ne da yayi iri uku ke karo da juna: na Kano, da na kudancin Kamaru da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, da kuma na gida.

2.0 Farfajiyar Nazari

Banyo shi ne babban garin gundumar Mayo-Banyo a yankin Adamawa na Kamaru, a kan hanyar da ta taso daga Fumban zuwa Tibati da Ngaundare, ba nisa da tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Lamidanci ne na Fulani da ya kafu a ƙarni na 19, kuma fataken Hausawa sun mayar da shi zango a harkar goro. Garwa kuwa tana bakin kogin Binuwai, ruwan da ya sada ta da Yola. Ita ce mahaifar Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. A nan hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, a nan ne kuma kamfanin CICAM, wanda aka kafa a 1965, ya gina masaƙarsa.

Fulatanci shi ne harshen hulɗa a mafi yawan wannan yanki, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuma na unguwannin Hausawa da kasuwanci da nishaɗi. Saboda haka matashi ɗaya yana iya sauraron waƙa da harsuna uku a yini guda, kowace waƙa kuma da irin shigar da take tafe da ita.

3.0 Daga Karɓar Riga Zuwa Fitar da Yayi

A tsarin gargajiya, sutura daga wajen ubangida take gangarowa zuwa ga mawaƙi. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo ana yi musu kyautar riga da rawani da doki, kuma godiya a kan irin wannan kyauta tana cikin tubalan ginin waƙar fada. Rigar da ke jikin makaɗi shaida ce ta alherin sarki. Ba a kallon makaɗi domin a kwaikwayi adonsa, domin kuwa roƙo sana'a ce da al'umma ta ajiye a ƙasan tsani. Ko Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, duk da shahararsa a ƙasar Hausa da wajenta, muryarsa da azancinsa aka fi tunawa, ba ɗinkin rigarsa ba.

Mawaƙin zamani ya juya wannan tsari. Shi yake sayen tufafinsa, ya zaɓi launi da ɗinki domin kyamara, sannan masu kallo su ɗauka. Wannan juyi bai tsaya ga Hausawa ba. A waƙoƙin Coupé-Décalé, waɗanda Douk Saga da abokansa 'yan Kodebuwa suka fito da su daga Faris wajen 2002 zuwa 2003, mawaƙi ne yake yi wa jama'a liƙin kuɗi, yana sanye da kayan manyan kamfanonin Turai. Ke nan mai roƙo ya koma mai bayarwa, kuma tufafi su ne hujjarsa ta farko.

4.0 Igiyoyi Uku na Tasiri

4.1 Igiyar Kano

Daga ƙarshen shekarun 1990, finafinan Hausa masu waƙa da rawa, irin su Sangaya da Wasila, sun tsallaka iyakokin Nijeriya a kaset, daga baya a faifan sidi, sannan ta hanyar masu tura waƙa a waya. Daga wannan masana'anta ce mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Ado Gwanja da Hamisu Breaker suka fito. Abin lura shi ne, hanyar da waƙar take bi ita ce hanyar da yadi yake bi. 'Yan kasuwar Kamaru suna saro shadda da leshi da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wasu kuma a Mubi da Yola. Don haka abin da aka gani a bidiyo ana iya samun yadinsa a kasuwa.

A wannan igiya akwai salo biyu. Na farko shi ne na kaftani mai kama jiki, da shadda mai sheƙi, da baƙin tabarau, da agogo babba. Na biyu shi ne na Nazir M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, ya kuma shahara da babbar riga da rawani. Wannan salo na biyu yana da ma'ana ta musamman a gari irin Banyo, inda rawani da alkyabba suke da masu su a fadar Lamiɗo. Idan mawaƙi ya fito da kayan sarauta a bidiyo, yana ɗaga darajar suturar gargajiya a idon matasa, amma kuma yana mayar da alamar mulki ta zama kayan ado da kowane mai kuɗi zai iya saye.

4.2 Igiyar Kudu

Igiya ta biyu daga Duwala da Yawunde da Kinshasa da Abijan take zuwa. Fitaccen misali shi ne Papa Wemba na Kwango, wanda ya kafa ƙungiyar Viva la Musica a 1977, ya kuma zama jagoran 'yan gayun da ake kira Sapeurs. A lokacin gwamnatin Mobutu ta hana kwat da ɗamarar wuya irin na Turawa, ta tilasta wata riga da ake kira abacost. Sanya kayan Faris da Milan a irin wannan yanayi ya wuce ƙawa kawai, ya zama wata hanya ta bijire wa hukuma ba tare da an buɗe baki ba.

A cikin Kamaru, talabijin ya fara aiki a 1985. Ba da daɗewa ba ƙungiyar Les Têtes Brûlées ta masu kiɗan Bikutsi ta bayyana da jiki fente da farin launi, da aski rabi da rabi, da yagaggun riguna. Shigarsu ta ja hankalin duniya, amma ba ta zama kayan zuwa kasuwa ko ɗaurin aure ba. Wannan misali yana da muhimmanci ga hujjar da za a kawo a gaba.

4.3 Igiyar Gida

Arewacin Kamaru yana da nasa taurarin. Ali Baba, mawaƙi kuma gwanin rawa ɗan Garwa, ya yi tashe a shekarun 1980 da salon da aka sani da Soul Gandjal, yana waƙa da Hausa da Fulatanci. Bayansa Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal sun kai kiɗan Fulatanci gaban masu sauraro na kudu da na ƙetare. Mawaƙin arewa da ya hau dandalin ƙasa yana fuskantar tambayar da takwaransa na Kano bai cika fuskanta ba. A Kano babbar riga da hula kayan kowa ne. A Yawunde kuwa sanarwa ce ta asali, tana faɗin inda mutum ya fito tun bai buɗe baki ba.

5.0 Tarke: Yaya Girman Tasirin Yake?

Idan aka auna bayanan da suka gabata, za a ga cewa ra'ayin da ke ɗora wa mawaƙa alhakin duk wani sauyin sutura yana da rauni ta fuska huɗu.

Na farko, akwai bambanci tsakanin kayan dandali da kayan gari. Kafin shigar mawaƙi ta zama yayi, sai ta tsallake shingaye: ko tela zai iya ɗinka ta, ko aljihu zai ɗauka, ko za a iya wucewa da ita ta zauren mahaifi, ko za a shiga masallaci da ita. Shigar Les Têtes Brûlées ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kaftanin mawaƙan Kano ya tsallake duka, shi ya sa ya bazu.

Na biyu, tela ba mai kwafi ba ne kurum. Budurwa takan kai masa hoto a waya gabanin Sallah ko biki, sai a tsawaita hannu, a rufe wuya, a sassauta ƙugu, a ƙara mayafi. Aikinsa ya yi kama da na mai fassara, wanda yake ɗauko ma'ana daga wani harshe ya zuba ta cikin ƙa'idar wani. Abin da ya fito daga shagon tela ba shi ne abin da ke cikin bidiyo ba.

Na uku, mawaƙa ba su kaɗai ke fitar da yayi ba. An san ɗaurin ɗankwali da ake danganta wa Maryam Babangida, daga baya aka yi na Zahra Buhari, kuma babu mawaƙiya a cikinsu. Jar hula a Kano siyasa ce ta yaɗa ta. Abaya da jallabiya ta hanyar aikin Hajji da fataucin Dubai suka shigo. A Kamaru, atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris, wadda CICAM ta shafe shekaru tana bugawa, ta sanya mata anko a faɗin ƙasa fiye da yadda kowace waƙa ta taɓa yi. Dilar gwanjo ma tana da hannu wajen yanke abin da matashi mai ƙaramin ƙarfi zai saka.

Na huɗu, sau da yawa mawaƙi madubi ne. Yakan ɗauko abin da ya riga ya fara tashe a wurin biki, ya haska shi, ya ba shi suna da fuska. Ƙarfinsa na gaskiya a nan yake: yana hanzarta yayi, yana kuma ba matashi ƙwarin gwiwar saka abin da da yake jin nauyin sakawa.

6.0 Hukuma da Jikin Mace

Duk da haka, hukumomi sun ɗauki lamarin da zafi. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku saboda faifansa na Bahaushiya, wanda aka ce ya fita ba tare da tacewa ba, aka kuma soki shigar masu rawa a cikinsa. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ, sannan a 2020 wata riga mai buɗaɗɗen baya da ta saka ta tayar da ƙura. A Kamaru ma, a 2013 gwamnati ta ƙaddamar da kamfe a kan shigar rashin ɗa'a, irin wadda ake yi wa laƙabi da DVD, daga kalmomin Faransanci masu nufin baya da ciki a waje.

Wani abu da ya haɗa waɗannan al'amura shi ne, kusan kullum suturar mace ce abin taƙaddama, ko da namiji ne ya shirya bidiyon ya kuma ci ribarsa. Damuwar iyaye da malamai game da tsiraici tana da tushe a addini da al'ada, kuma bai kamata manazarci ya yi watsi da ita ba. Sai dai an bar wata illa da ba a cika magana a kanta ba, wato gasar tsada. Bidiyon da ake canza shaddar Getzner kala biyar cikin minti huɗu bai keta dokar kowace hukuma ba, amma yana koya wa matashin da bai da aikin yi cewa darajar mutum a sheƙin rigarsa take. Bashin da ake ci domin anko da kayan Sallah ya fi yawa a gidaje fiye da buɗaɗɗen baya, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa matsayin mawaƙi ya sauya daga mai karɓar riga zuwa mai nuna ta, kuma a Banyo da Garwa wannan nuni yana zuwa ta igiyoyi uku masu harsuna daban-daban. Ta kuma nuna cewa tasirin gaskiya ne, amma ba kai tsaye yake aiki ba, sai ya ratsa ta hannun tela da ɗan kasuwa da iyaye da malamai. Darasin da ɗalibin harshe da adabi zai ɗauka shi ne, nazarin waƙar zamani ba ya cika da rubuta baitoci a takarda. Wajibi ne a duba wa ya saka mene ne, a wane wuri, da kuma abin da shigar take faɗi wanda baitin bai faɗa ba. Haka nan sunayen ɗinki da na yadi da na ɗaurin ɗankwali da ake ji a bakin teloli, cikin Hausa da Fulatanci da Faransanci, fage ne da ya cancanci a tattara shi tun yayin bai wuce ba, domin yayi idan ya tafi, da sunansa yake tafiya.