Tukuba da Gashin Taro a Kaduna

A Hadramaut ta ƙasar Yaman, idan za a ciyar da taro, rami ake haƙawa a shafe cikinsa da laka, a hura wuta har ta koma garwashi, a saukar da nama a toshe bakin ramin, sai bayan sa'o'i a buɗe. Mutanen Oman ma haka suke yi da Sallah, su naɗe naman da ganyen ayaba ko na dabino ya kwana a binne. Bahaushe bai binne namansa ba. Shi ma da ƙasa yake gashi, sai dai tara ta ya yi ta zama tudu, wato tukuba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba ya san aikin ba na gaggawa ba ne. Ƙasa ce da toka aka tara aka daddaɓe, wuta na ci a tsakiya. Mai tsire ya yanka nama falle-falle, ya tsire a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli mai citta da barkono da masoro, sannan ya kakkafa tsinkayen a kewaye, kowanne ya ɗan sunkuya wajen wutar. Harshen wuta ba ya lasar naman. Zafi ne kawai ke ratsa shi a hankali, kitsen da ya narke ya gangara ta jikin tsinke ya shige toka, maimakon ya ɗiga kan garwashi ya tayar da hayaƙi mai ƙauri. Shi ya sa ƙulin ke yin ja bai ƙone ba, cikin naman kuma ya nuna da romonsa. Mai gashin yana zagayawa, ya zare wannan ya juya, ya yayyafa man gyaɗa, ya matsar da wancan baya idan iska ta karkato da wutar. Da tafin hannu yake auna zafi. Itacen ma zaɓa ake yi: marke da ƙirya sun fi riƙe garwashi.

Wannan dabarar ce ake faɗaɗawa idan taro ya zo. Ragon suna, wanda ake yankawa ran bakwai, akan banƙare shi gaba ɗaya a kan sanduna, a jingina gefen wuta ya yini yana tsanewa, a rarraba wa dangi da maƙwabta, mai jego ta ci gaba da cin nata cikin kwanakin wanka. A Sakkwato da Maraɗi, ranar layya, za ka ga ragunan maƙwabta jere sun kewaye wuta ɗaya a ƙofar gida. A ganina nan ne darajar abin take. Wuta ɗaya ta ishi gida biyar, kuma wanda ya kawo ɗan akuya yana zaune kusa da wanda ya kawo rago mai ƙaho a murɗe.

Kaduna ta gaji wannan ne daga baƙinta. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati, mahauta kuma suka biyo kasuwa daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, kowa da irin hannunsa. Sunayen Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa sun isa shaida. Har yau Zangon Tudun Wada ne ke cika da dabbobi idan Babbar Sallah ta matso.

Amma ka zaga Kawo da Malali da Unguwar Rimi bayan magariba, abin da za ka fi gani rabin ganga ne da ragar waya a kai. Ba na zargin masu sana'ar. Ganga tana ɗaukuwa, ba ta cin fili a bakin titi, mai mota kuma ba ya son jira. Balangu ma ya dace da ita. Tsire ne ke cutuwa, don a kan raga waje ke ƙonewa kafin ciki ya nuna. Gidajen haya masu daɓen siminti ba su bar wurin kafa sanda ba, itace ya yi tsada, firji ya rage buƙatar tsane nama don ya daɗe, bukukuwa kuma sun koma ɗakunan taro inda kowa ke karɓar rabonsa a roba.

Kayan lambu ba su taɓa samun babban gurbi a wannan gashi ba. Albasa da tumatir da kabeji ɗanyu ake yankawa a kai. Binnewa ta gaskiya sai a gona lokacin kaka, inda yara ke tura dankali da rogo cikin toka mai zafi su rufe da ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne koyon sana'ar. Yaron mahauci a da yakan daɗe yana fiƙe tsinke da gyara wuta kafin a yarda ya juya nama. Shugabannin mahauta na Kaduna suna da ikon su sa almajiransu su koyi ɗaga tukuba tare da aikin raga, masu suna da walima kuma su riƙa neman gashin gefen wuta, su biya kuɗin itacen da na yinin da mai gashi zai ɓata.