Daga Tama Zuwa Sifirin Mota: Ƙarfen Wuƙa A Hannun Sabon Maƙeri

Mutane kan auna maƙeri da ƙarfin damtsensa da iya riƙon masaba, amma ingancin wuƙa yana tabbata ne tun ba a hura wuta ba, wato lokacin da maƙerin ya tsaya gaban tarin ƙarafa ya ɗauki guda. Wuƙa biyu kan fito daga hannun mutum ɗaya, a kan uwar maƙera ɗaya, da gawayin ƙirya iri ɗaya, ɗaya ta feɗe sa ba ta nemi dutse ba, ɗayar kuwa ta dakushe tun ba a gama da akuya ba. Yaron da ke koyon ƙira a Jega ko Aliero ko Maiyama da zuga ake fara shi, daga nan riƙon awartaki, daga nan duka, sanin ƙarfe kuma a bar shi ya tsinta a hankali. A ganina wannan jeri yana bukatar gyara. Mai son ƙera wuƙa ya kamata tun farko ya kama ƙarfe iri ɗaya, ya san halinsa ciki da waje, kuma kada ya yarda da kowane yanki sai ya gwada shi.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a gidan maƙera. A ƙarni na 19, bayan Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega har ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, maƙeran baƙi sun dogara ne da ƙarfen da ake narkawa daga tama. Dunƙulen da ke fitowa daga wutar narki ba hali ɗaya gare shi ba: wani gefen laushi, wani gefen tauri, wani kuma cike da datti. Dole maƙeri ya fasa, ya duba, ya ware na fartanya daban, na aska da wuƙa daban. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya shigo, daga baya tarkacen motoci suka biyo, sai narkin tama ya ja da baya. A ƙasar Adar ta Nijar, wata mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki hoton aikin narki a shekarun 1960, lokacin sana'ar tana gab da shuɗewa, Philip Jaggar kuma da ya yi bincike a kan maƙeran birnin Kano a shekarun 1970 ya tarar tsofaffin ƙarafa ne kayan aikinsu. Abin da ya canza shi ne wurin samo ƙarfe. Aikin zaɓe yana nan, ya ma ƙara wuya, domin tamar gari ɗaya halinta sananne ne, amma tarin ɗan gwangwan ƙarafan ƙasashe goma ne a cakuɗe.

Abin da ke raba waɗannan ƙarafa shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsu, wanda shi ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai. Rodin gini da falanken da masu walda ke haɗa ƙofa da su, kabon ɗinsu kaɗan ne, galibi kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin 100, kuma komai gwanintar mai ba su ruwa ba za su riƙe kaifi ba. Rodi ya fi yaudarar mai koyo, don yana da arha, yana ko'ina, yana kuma bin masaba cikin sauƙi. Ga shi da yawansa daga narkakken tarkace aka yi shi, wani sandan ya ɗan taurara, wani ya ƙi. Sifirin mota yana da kusan kashi 0.6, sau da yawa da ɗan wani sinadari da ke taimaka masa taurara a cikin mai. Tsohon magagari mai kyau da zoben boris suna kai kashi 1 ko sama da haka. Waɗannan biyun suna ba da kaifi mai ban mamaki, amma ba su yafe kuskure: wuta ta ɗan yi yawa su lalace, a doke su da sanyi-sanyi su tsage, ga kuma magagari mai arha wanda bayansa kaɗai aka taurara, cikinsa ƙarfe ne mai laushi.

Shi ya sa sifirin ya fi dacewa da mai koyo, kuma Jega tana da shi. Garin yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora, a mararrabar Birnin Kebbi, manyan motoci masu lodin albasar Aliero da shinkafa da gero suna ratsa shi dare da rana, kanikawa suna canza musu sifirin. Ganye guda na sifirin ƙaramar mota zai ba da wuƙaƙe da dama masu hali ɗaya, kuma a nan amfanin yake. Wanda yau ya ƙera da magagari, gobe da faifan garmar tarakta, jibi da rodi, idan wuƙa ta karye ba zai san ko laifin wuta ne, ko na ruwa, ko na ƙarfen ba, don ya canza abubuwa uku lokaci guda. Wanda ya tsaya a kan ganye ɗaya kuwa, duk abin da ya ɓaci daga hannunsa ne, zai kuma gane inda zai gyara. Sifirin ma yana da nasa aibi. Shekarun da ya yi yana lanƙwasa a ƙarƙashin lodi kan bar masa 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani sai an gama wahala an ba shi ruwa. Ganyen da ya karye a kan hanya ya riga ya nuna gajiyarsa. Gara wanda aka cire lafiyayye, a kuma guji kusa da ramin tsakiya da wuraren da tsatsa ta ci ta yi rami. Na ƙananan motoci ya fi na tirela, don kaurin na tirela zai cinye gawayi da ƙarfin yaro kafin ya zama faifai.

Gwajin da nake nufi ba ya bukatar injin da babu shi a gari. A kan giranda, ƙarfe mai laushi yana fid da dogon tartsatsi miƙaƙƙe, mai kabon kuwa tartsatsinsa yana fashewa yana rassa. Wannan alama ce kawai, hujjar tana cikin wuta. A yanki ɗan guntu, a buga shi ya yi siriri, a gasa har maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa wajen digiri 770, a ƙara masa wuta kaɗan, a tsoma a mai. Idan aka goga magagari ya zame bai ci ba, aka kuma doke shi ya ɓalle maimakon ya lanƙwashe, ƙarfen wuƙa ne. Sai a dubi wurin karayar: idan ya yi sumul, launin toka, wutar ta yi daidai, idan ya yi tsakuwa-tsakuwa yana ƙyalli, an ƙona shi. Sifirin mai yake so, ruwa kan tsaga shi, man gyaɗa mai ɗumi kuma ya fi baƙin mai, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji. Bayan haka dole a mayar da wuƙar kusa da wuta mai sanyi har bakinta ya yi launin kara, wajen digiri 200, don a rage mata gautsi. Rabin yini da ɗan gawayi ke nan, a madadin wuƙa goma da za a dawo wa mutum da su.

Wani zai ce duk wannan wahalar talauci ce, a Turai da Amurka mai koyo sabon ƙarfe yake saye mai lamba, wanda aka rubuta abin da ke cikinsa da zafin da yake so. Gaskiya ne, kuma wanda ya samu irinsa daga amintaccen hannu kada ya ƙi. Amma kamfanin Ajakuta da aka kafa a 1979 bai taɓa aiki yadda aka tsara ba, masana'antun Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodi da waya aka gina su su murza, ba ƙarfen kaifi ba. Abin da ake kira sabon ƙarfe a shagon kayan gini mai laushi ne, ƙyallinsa kawai ya fi na sifirin. Shigo da mai lamba daga waje zai sa kuɗin ƙarfen kaɗai ya wuce abin da mahauci zai biya wa gamammiyar wuƙa da kubenta.

Ƙalubalen da ya fi nauyi daga kasuwa yake zuwa. Mai saye arha yake nema, musamman a jajibirin Babbar Sallah da kowane magidanci ke son wuƙar layya, mahauta da yawa kuma sun fi son wuƙar da za su wasa nan take da 'yar gogawa. To, me zai sa yaro ya wahala? Akwai gaskiya a nan: wuƙar fawa ba ta son taurin aska, don za ta haɗu da ƙashi. Amma akwai bambanci tsakanin wuƙar da aka taurara sannan aka sassauta ta da gangan, da wadda ba ta taɓa taurara ba. Ta farko tana wasuwa da sauƙi kuma ta riƙe, ta biyu bakinta naɗewa yake, ana wasa ta tana ƙarewa. Ga kuma maganar addini, wanda ya yi umarni a kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka. Wuƙar da ta dakushe a tsakiyar yanka azaba ce ga dabba. Ta fuskar ciniki ma, wuƙaƙen silba na kanti sun riga sun kwashe kasuwar arha, maƙeri ba zai kayar da su a farashi ba. Inda zai fi su shi ne kaifin da ke daɗewa, kuma a gari kamar Jega mahauta sun san hannun kowa.

Saura tambayar da ba a cika yi ba, wato daga ina ƙarfen ya fito. Cinikin gwangwan ya gauraya da sata, ana kwance ƙarafan gada da na layin dogo da na makarantu, har gwamnatin Borno ta haramta sana'ar jari-bola a 2023. Akwai kuma haɗari ga jiki: bututu mai rufin tutiya yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, rufaffen abu kamar tulun gas ko shokazoba yana iya fashewa a wuta. Mai koyo da ya ƙulla hulɗa da bakanike ɗaya sananne, yana karɓar ganyen da aka cire a gabansa, ya san motar da ya fito, ya san bai karye ba, kuma idan ya ƙare zai koma ya sami irinsa.