Kunne da Karin Harshe: Nazari kan "Daɗin" Kananci

Sau da yawa akan ji ana cewa Kananci ya fi sauran kare-karen Hausa daɗi a kunne. Amma masu wannan magana bakin birni suke nufi. Manomin ƙasar Dambatta, a kan hanyar Daura, ko na Bichi, a kan hanyar Katsina, Bakane ne, amma da ya buɗe baki sai a ce Hausarsa ta ƙauye ce.

Ra'ayin ba shi da tushe a ilmin harsuna. Bakane yakan ce "zauna" da "sauka", Basakkwace ya ce "zamna" da "sabka". Tun 1928 Klingenheben ya nuna cewa lafazin Sakkwato shi ne na asali. Kunnen da ke jin nauyinsa a kasuwa shi ne kuma ke yabonsa a bakin Narambaɗa. Ashe ba sautin ake aunawa ba, darajar mai furta shi ake aunawa.

Fifikon Kananci ya samu ne daga kasuwa da ɗab'i: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da Hukumar Hausa ta 1955, su suka kafa shi a rubutu. Wannan zaɓi ne na daidaita rubutu, ba hukuncin kyau ba.

Saboda haka wajibi ne malamin makarantar horon malamai ya rarrabe abu biyun. Ya gyara wa ɗalibi rubutu, amma kada ya kushe masa bakin uwarsa, domin yaron da aka yi wa dariya a aji ba ya sake ɗaga hannu.